A Gidan Nan Keke Ake Cewa

"Lafiya lau na kwana, tunda Allah ya tsare ni ban yi mafarkinka ba. Kai fa, ya gajiyar barci?"

"Da sauƙi, ya Habboba. Ni leƙowa na yi in ga ko yau ma kin tashi. Ashe kin tashi. To, sai mu ƙara haƙuri."

"Ka daɗe kana yinsa, maigida. Ba inda za ni sai na cinye rabona tas, na haɗa da naka."

Maganar na fita Iya Kubra ta ji kamar ta kamo ta ta mayar ciki. Ta juya ta tofar da yawu a gefen murhu, ta yi a'uziyya a ranta. Da can wannan ba komai ba ne, da irinsa kaka da jika ke karya kumallo. Amma a unguwar Mayo ta wancan lokacin, lokacin da sojoji suka riƙe Khartoum kuma yaƙin Kudu ke cin samari ba ƙoshi, ba a yi wa yaro wasa da rabonsa.

Zailani bai lura ba, ko kuma ya lura ya share. Jikanta ne, ɗan marigayi ɗanta, shi kaɗai kuma ya rage mata a gidan. Dogo ne siriri, bai cika ashirin ba, yana tura baro a kasuwar Suk al-Shabi, kullum ya shiga motar haya da safe ya dawo da magariba. Tun ranar sunansa take kiransa miji, yadda kakanninta suka saba a can ƙasar Hausa da ita ba ta taɓa gani ba. Shi kuma tun da bakinsa ya buɗe ya fara ce mata Habboba, wato kaka da Larabcin garin, bai bar ta ta sha ruwa da daɗi ba. Ya janyo 'yar kujera ya zauna a ƙarƙashin rumfa inda take suyar gyaɗar sayarwa, ya ɗauki kofin shayinta ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Yau ma ba sukari. Ɗaci kamar mai shi."

"Wa ya miƙa maka? Mijin kirki da sukari yake shigowa, kai kuwa da baki."

"Bakin ne sadakinki, kuma kin karɓa."

Sai a sannan idonsa ya sauka kan keken. Baƙin keken kakansa ne, marigayi Malam Ibrahimu, wanda ya zo da shi daga gonakin Jazira shekarar da suka bar cirar auduga suka dawo birni. Ya daɗe yana rataye a ɗaki, Iya Kubra ta mayar da shi wurin shanya kuɓewa. Yau ga shi jingine da katanga, an goge shi da man gyaɗa har yana ƙyalli, tayoyinsa sun sha iska. Ita da kanta ta tura shi wurin mai faci jiya da la'asar, yaran unguwa na binta suna ihu wai Habboba za ta koyi tuƙi.

"La'ilaha illallahu! Wa ya sauko da ajala?"

"A gidan nan keke ake cewa."

"Keke, keke. Yi haƙuri, bakin kasuwa ne."

Larabawan garin ajala suke kiran keke, haka ma yaran Hausawa da suka tashi a cikinsu. Kunnen Iya Kubra kuwa na Hausa ne, in aka ce ajala, ajali take ji. Ta hana kalmar a gidanta tun bayan da aka sauke Husam, wan Zailani, daga motar haya a bakin gadar Omdurman aka tafi da shi yaƙi, bai dawo ba.

"To, tsere za ki shiga?"

"Aike zan yi. Kifi nake marmari. Karfasa ɗanya ta Jabal Awliya, wadda mijin gwaggonka A'isha Humaira ya fito da ita daga ruwa da hannunsa."

"Marmarin kifi da sassafe? Tsohuwa, faɗa min gaskiya. Ko mun samu ƙaruwa ne?"

"Da wa? Da kai da ko sabulu ba ka taɓa saya min ba? Ai ko kaza ba za ta yi wa irinka ƙwai ba."

"To da waɗanne haƙoran za ki ci?"

"Da naka. Ci gaba da surutu ka gani, yanzu in zubo su da ludayin nan in zaɓi masu kyau."

"Ga kifi nan a kasuwar Mayo, ko takalmi ba sai na sa ba."

"Wannan da ya girme ni? Ran nan da na wuce ta wurin sai da na durƙusa na gaishe shi."

Zailani ya yi dariya har ya bugi cinya. "Halas, shi ke nan, na ji. In dai kifi ne, in hau mota zuwa Kalakla, in sauya wata, kafin la'asar kina tsotsar ƙaya."

"Ba mota."

"Habboba, Jabal fa aka ce, ba bayan katanga ba."

"Na ce ba mota. Kwalta ma, ko gefenta ban yarda ka bi ba."

Zailani ya bar dariya. Kowa a Mayo ya san abin da ke kan kwalta. Kasha suke kiransa. Babbar motar soja ta tare hanya, a tsayar da motar haya, a ce duk saurayi ya sauko, wanda ba shi da shaidar ya yi aikin soja na dole a cusa shi a baya kamar buhu. Jiya da safe aka sauke ɗan maƙwabciyarta Bakhita a hanyar Suk al-Shabi, da burodin da uwarsa ta aike shi a hannu. Ana ta raɗe-raɗi kuma za su fara shiga unguwa gida-gida. Masuntan Jabal kuwa a ruwa suke kwana, can bayan madatsar kogin da ke wurin, inda babbar mota ba ta zuwa. Iya Kubra ta san ba kifi take so ba, shi ma ya sani. Ta kuma san halin ɗan banzan nan nata. In ta fito fili ta ce masa gudu, zai ce ba zai bar ta ita kaɗai ba, daga nan magana ta mutu.

"Yanzu na gane," in ji Zailani. "Korata kike yi. Na daɗe ina ganin yadda kike kallon tsohon nan mai sayar da ruwa."

"Ko jakinsa ya fi ka. Shi dai kullum yana kawo wani abu gidan nan."

"To a ɗaura da jakin, ni ne waliyyi. Amma wa zai ɗauko miki buhun gyaɗa daga kasuwa?"

"Na ɗauki buhun auduga a Jazira da ubanka goye a bayana."

"Wancan zamanin Fir'auna ne. Wa zai ɗiga miki maganin ido? Shekaranjiya a hanci kika zuba."

"Hancin ya gode. Tun ranar nake jiyo warin ƙaryarka daga bakin titi."

"Wa zai kashe miki kunama?"

"Wa ya haye gado ran nan yana ihu, Habboba, Habboba, ga ta nan?"

"Dabara ce. Daga sama ake hango abokin gaba."

"Rufe bakinka kar su ji, su ce sun samu janar."

"Kuma ni ban iya ruwa ba. Ki tura ni wurin masunta, kifi ne zai ci ni."

"Kifin da zai ci ka ya rasa abinci ne. Ƙashi da baki, me zai samu?"

"Ga gwaggo da miyarta. Wannan matar ko ruwan zafi ta dafa sai ya kama."

"Ka faɗa mata da bakinka in ka isa. Tana da muciya, ta kuma fi ni ƙarfin hannu."

Ta ture kaskon gyaɗa gefe, ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki tsinke. "Matso in nuna maka hanya, tunda kai ban da hanyar kwano ba wadda ka sani. Ka fita ta bayan maƙabarta. Ka bi sawun amalanken masu ciyawa, ka bar rana a hagunka. Za ka tarar da wani babban gawo..."

"An sare shi."

"Wa ya sare?"

"Masu gawayi. Tun ina firamare."

"Allah ya isa. To ka wuce inda gawon yake, ka yi masa addu'a. Gaba kaɗan gonar tumatir ce, inda muka yi ƙwadago ni da kakanka farkon zuwanmu. Ka ratsa ta tsakiya. Mai gonar mutumin kirki ne, ka ce jikan Kubra ne, zai ba ka ruwa har da tumatir."

"Habboba, mutumin kirkin nan ƙasa ta daɗe da cinye shi. Wani mai gemu da tabon salla a goshi ya karɓe gonar, ya zagaye ta da waya, ya zuba karnuka. In na ce jikan Kubra ne, karnukan za su ce wace Kubra."

"Ka ce wadda ta koya wa uwarsu haushi."

"Sai me kuma?"

"Sai rijiyar makiyaya. Ruwanta sanyi kamar na tulu."

"Ta ƙafe. Akuya ce ta mutu a ciki, ba wanda ya fitar."

"Kai, wannan baki naka! Duk abin da na ambata sai ka kashe shi?"

"Ba ni na kashe ba. Hanyarki ce ta mutu ta bar ki. Kawo tsinken."

Ya karɓa, ya goge zanenta da gefen hannu, ya fara nasa. "Ba ta nan ake bi ba. Daga maƙabarta sai a karkata gabas, a zagaye wayar, a hau gaɓar tur'a, babban magudanar ban-ruwan nan. Ƙasar wurin a daddaɓe take, keke na tafiya a kai ba ko girgiza. Ba mota, ba kowa. Sai balbela a bayan shanu, sai injin ban-ruwa yana tuk-tuk daga nesa. In ka wuce shi kuma ba abin da za ka ji sai sarƙar kekenka. Akwai inda dawa ke rufe ka hagu da dama, ko mai raƙumi ba zai hango ka ba. Gaba akwai wata mai shayi a gindin aduwa, ba ta tambayar sunan kowa, in ta ga yara ma sai ta ƙara musu madara. Daga nan iska take sauyawa. Sai ka ji ƙamshin ruwa tun ba ka ga dutsen Jabal ba."

Iya Kubra ta bar kallon ƙasa ta koma kallonsa. Muryarsa ta yi laushi, ba irin wadda yake zaginta da ita ba. Ta manta, ko ta sa kanta ta manta, cewa ranakun Juma'a Husam kan goya shi a keken nan su ɓace tun safe, sai magariba su dawo fari fat da ƙasa, aljihu cike da aduwa, ita kuma ta tare su a ƙofa da tsintsiya.

"Ashe ka san hanya. Me ya sa ka bar ni ina ta zubar da yawu?"

"Gefenta na sani." Ya yar da tsinken. "Ni a baya nake zama. Na san dama, na san hagu. Gaba kuwa bayan rigar Husam ne. Ban taɓa ganin gaban hanyar nan ba, ba na kuma son in gani."

Maganar ta soke ta sosai. Ta ji kamar ta jawo kansa ta ɗora a cinya yadda take yi yana yaro. Amma ta san in ta yi laushi yanzu ta rasa shi, don haka ta ƙara ɗaure fuska.

"To yau ka gani. Ko sai na hau na goya ka?"

"Ba za ni ba."

"Za ka."

"In sun zo su same ni a nan. Kowa da ranarsa."

"Ji wani malami! Wa ya karantar da kai, masu wa'azin yaƙin nan da lasifika?"

"Ki ce kin gaji da ciyar da ni kawai."

"Na gaji. Na gaji da ƙafafun nan naka na zalɓe a tsakar gidana. Na gaji da munsharinka. Wainar kisra in na yi, kafin in juya ta ƙare. Na gaji ƙwarai."

"To shi ke nan." Ya miƙe tsaye, ya kama kan keken ya fizgo shi daga jikin katanga. "Tunda kin matsu, ba ni ajalina in hau."

Wannan karon ba bakin kasuwa ba ne, da gangan ya faɗa, kuma ya san inda zai same ta.

Wasan Husam ne. Shi ya fara gano yadda kalmar ke sosa mata rai, kullum in zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Habboba, ina kika ajiye min ajalina?" Ita kuma ta jefe shi da takalmi. Ranar ƙarshe ya tarar taya ta sace, ya ce, "Yau ajalina ya ƙi tashi, bari in bi mota." Ta yi dariya har da hawaye. Bayan wasu watanni waɗansu mutane suka zo da rumfa da lasifika da buhun sukari, suka ce kada wanda ya yi kuka, Husam ya yi shahada, yau bikin aurensa ake yi da matan Aljanna. Iya Kubra ta fito tsakiyar taron, ta tsaya gaban babbansu, ta ce masa da Larabcinta na gona ita ce matar Husam, wa ya nemi izininta? Mutumin ya dubi na kusa da shi ya ce a shigar da tsohuwar nan ciki, baƙin ciki ya taɓa mata kai. Bai san wasan kaka da jika ba. Ina zai sani, mutumin da sunan yaron ma sai da aka gyara masa a gaban jama'a? Sukarin ta juye wa tururuwa a bayan katanga, tun ranar kuma bai ƙara shiga shayinta ba.

Zailani ya mayar da keken a hankali. "Habboba..."

"Zauna."

Ya zauna.

"Ran da na je nema wa ubanka takardar ɗan ƙasa, cewa suka yi mu Fallata ne, wato baƙi daga yamma, mu kawo shaidar kakan kakanmu. A nan aka haife ni, a nan aka haifi uwata, audugar ƙasar nan ce ta cinye min yatsu. Amma ran da babbar mota ke neman cika, ba wanda ya tambayi Husam kakansa. Ranar 'yan ƙasa ne mu." Ta ja numfashi. "Miji biyu Allah ya bar min bayan kakanku. Sun aurar min da ɗaya, ba gawa, ba kabari, ba inda zan je in zauna in zage shi. Tsoro nake ji, Zailani. Kullum ka fita cikina ɗurar ruwa yake yi har sai na ji tafiyarka a ƙofa. Gara in yi ta zuba magani a hanci har in mutu, da a sake kafa min rumfa a ƙofar gida."

Rabon da ta kira sunansa haka gatsau har ya manta, don mace ba ta faɗin sunan miji ko da na wasa ne. Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsa. Can ya goge ido da bayan hannu, ya ce hayaƙi ne.

"Gyaɗarki ta ƙone."

"Kai ka ƙona ta. Da ita zan yi maka guzuri, ka ci baƙinka."

"Wa zai riƙa leƙa ki?"

"Bakhita. Ita ma ɗakin ɗanta ba kowa yanzu. Za mu haɗu mu riƙa zaginku tare."

Ya sake duban zanen da ke ƙasa. Ya sa yatsa a ƙarshensa. "Akwai wuri ɗaya. Ruwa yana wancan gefen kwalta, kafin a shiga Jabal dole a tsallaka. Wani lokaci nan suke tsayawa. In suka hango saurayi a kan keke, ko tsayar da shi ba sai sun yi ba, da kansa zai faɗo."

"Wa ya ce maka saurayi za su hango?"

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki. Ya ji tana jan akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, tana zagin murfin. Ta fito da ƙunshi ta jefa masa a cinya. Jallabiyar Malam Ibrahimu ce, farar da ta koma ruwan madara don daɗewa, da rawaninsa, da tabaransa mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure da zare.

"Saka."

"Habboba, wannan warin ko akuya ta ji sai ta yi atishawa."

"Ai ba yau ka fara sa ta ba. Ranar sadakar bakwai ɗinsa wa ya zura ta yana jan ta a ƙasa, yana kwaikwayon tarinsa, har liman ya ƙware da shayi? Ku jikoki kuka hana mu kuka ranar. To yau ka sake wasan, amma ka yi shi da kyau, don masu kallon yau ba dariya suke yi ba."

Ya zura rigar. Abin mamaki, ta zauna masa daidai, har tsawon hannu. Ta sa shi ya durƙusa ta naɗa masa rawanin, ta ja jelar ta rufe masa baki da haɓa. Ta laƙato toka daga murhu ta shafa masa a gira.

"Ranƙwafa. Tsoho ba ya miƙe wuya kamar zakara."

"Haka?"

"Wannan ai mai ciwon ciki ne. Kafaɗa za ka sauke. Yawwa. In ka hau, ka taka a hankali kamar gwiwa na yi maka ciwo. Kar ka yi gudu ko da ka ga zaki. In sun yi maka magana, ka yi tari, ka ce 'Na'am?' da ƙarfi. Kurma ba shi da daɗin tambaya."

"In suka ce in buɗe fuska fa?"

"Ka yi tarin da zai sa su fasa."

"Wallahi ke ce ya kamata a ba mulkin ƙasar nan."

"Da ka fara shiga gidan yari."

Ta ƙunsa kisra da ƙonanniyar gyaɗa a tsumma, ta cika gora da ruwa, ta ɗaure su a mazaunin baya da igiya, ta ƙulla ta sake ƙullawa, fiye da yadda igiyar ke bukata. Shi kuma ya kama keken ya tura zuwa bakin ƙofa. A nan ya tsaya, ya sauke kafaɗa, ya karkata kai gefe, ya yi wani guntun tari mai kama da gyaran murya.

Idon Iya Kubra dama ba ya gani sosai. Daga inda take tsaye, Malam Ibrahimu ne zai fita gona, da kekensa da karkataccen kansa. Ta dafa ginshiƙin rumfa.

"Kubra," in ji shi da dasasshiyar murya, "na fita. Me zan riƙo miki?"

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har sai da ta riƙe ciki. "Ɗan banza! Har da karkata kai! Allah ya shirye ka, wallahi ka ci ni."

"Kubra, magana nake yi. Karfasa ko tarwaɗa?"

"Haka yake tambaya kullum. Tun ina amarya har ya kwanta dama, ko tsinke bai taɓa riƙo min ba. Hannu rabbana yake shigowa, ya ce kasuwa ta tashi."

"Ashe gado na yi."

"Gado ka yi." Ta matso ta gyara masa jelar rawani, hannunta ya daɗe a kumatunsa. "Amma yana dawowa. Wannan ma ka kwaikwaya. Ba yau ba, ba gobe ba, sai na aiko. Amma ka kwaikwaya."

Ya yi dariya a cikin rawanin, ta fito masa a shaƙe. "Na ji, uwargida. Kin yi nasara. Ki dai gaya wa jakin nan ina nan dawowa."

Ya hau da ƙyar irin na tsofaffi, keken ya yi tangaɗi ya daidaita, ya bi lungu yana tari. Iya Kubra ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaga hannu, tana dariya da ƙarfi yadda duk mai leƙe ta katanga zai ɗauka wani tsohon baƙo ta rako. Ba ta bar dariyar ba sai da ta koma ciki ta sa sakata.